Ruwan Kwana Uku

"Wannan na famfo ne," in ji Baba Fannami, ya ture ƙoƙon da bayan hannu.

Zainaba, babbar ƴarsa, ta ce, "Baba, na kogi ne. Grema ya kawo."

"Kogin da bai iso ba? Ki gaya wa mijinki, famfon bakin kasuwa ya fara tsatsa."

Ina zaune bakin ƙofar ɗakin. Ranar Talata ce, cikin watan Yuli na 1998, kwanansa tara ke nan a kwance. Majo, babban nas na asibiti, ya zo sau biyu, ya ce ƙodar tsohon ta gaji, a riƙa ba shi ruwa. Shi kuwa ba ya karɓar fiye da kurɓi ɗaya, shi ma sai an yi ta lallashi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ya yi shekara ashirin da biyu yana kuku a gidan Turawan wani proje, shirin bunƙasa noman tattasai. Shi ke buɗe musu kwalaben giyar inabi, yana rarrabe su da hanci, amma ya ce ɗigo ɗaya bai taɓa hawa harshensa ba, kuma unguwa ta yarda. Ya sha ba mu labarin ranar da maigidansa ya tambayi baƙi: in giyar duniya ta ƙare, aka ce kowa ya zaɓi guda ɗaya ya sha har mutuwa, wacce zai ɗauka? Suka yi ta gardama har naman ya huce. Daga ƙarshe aka juyo gare shi don wasa, ya ce shi ruwan Komadugu, kogin nan namu, zai ɗauka, na rana ta uku da isowarta. Turawan suka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Ranar farko share hanya take," haka yake bayani. "Kashin shanu, ƙaya, mushe. Rana ta biyu laka ce. Rana ta uku ruwan ya kwanta, ƙamshin ƙasar da ya biyo bai fita ba tukuna. Daga ta huɗu kuma ruwa ne kamar kowane ruwa."

Komadugu ta ƙafe tun cikin bazara, kuma a shekarar ta makara. Direbobin da ke zuwa daga yamma su ke kawo labarin inda kan ruwan ya kai. Kowace safiya tsohon yakan aiko a tambaye ni, don ofis ɗinmu yana kusa da tasha.

Ruwan ya iso garinmu Diffa ranar Juma'a da hantsi. Grema, manomin tattasai ne mai gona a bakin kogi, ya ciko bido, jarkar ruwa, ya taho da gudu. A zaure ya tsaya, don ba ya shiga ɗakin surukinsa. Zainaba ta kai ƙoƙo. Tsohon ya sunsuna, ya mayar mata.

"Na yau ne. A ba awaki. Sai Lahadi."

Majo na nan a lokacin. Da muka fito ya ce mini a hankali, "Malam Ishaku, ba na jin zai kai Lahadi." Ya kuma ja wa Zainaba kunne: ruwan kogi sai an tafasa, ko a ɗiga masa jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Bayan an sauko daga masallaci na tarar da Grema tsugune a ƙofar gida yana zane a ƙasa da tsinke.

"Malam, yaushe direbobi suka ce ruwan ya wuce ƙauyukan kudu da Chétimari?"

"Laraba."

"Laraba, Alhamis, Juma'a." Ya jefar da tsinken. "Can yau ce rana ta uku."

Muka hau motonsa mai ƙafa biyu, ni a baya ina rungume da bido. Mun bi kwalta kilomita ashirin da ɗoriya, sannan muka sauka cikin yashi muka yi kudu. Sau biyu muka tura moton da hannu. A bakin ruwa muka sami wani makiyayi yana shayar da tumaki. Grema ya tambaye shi yaushe ruwan ya zo.

"Shekaranjiya da safe."

"Ka tabbata?"

"A nan nake. Ya kusa tafiya da takalmina."

Grema ya naɗe wando ya shiga har kwankwaso. Ya nutsa bidon ƙasa da fuskar ruwa, bakinsa yana kallon inda ruwan ke fitowa. Ya ce haka tsohon ke ɗiba. Mun dawo gida bayan la'asar.

Zainaba ta tace ruwan da farin ƙyalle. Sai ta ɗauko ƴar kwalbar jabel ta buɗe, ta tsaya a tsakar gida.

"Ɗigo biyu kawai majo ya ce," in ji ta. Ba da kowa take ba.

Daga ɗaki muryar tsohon ta fito. "Zainaba, ina jin warin abin nan daga nan."

Ta dubi Grema, Grema ya dubi ƙasa. Sai ta rufe kwalbar, ta aje ta kan katanga, ta ɗauki ƙoƙon ta shiga. Na bi ta na tayar da shi zaune.

Ya sunsuna. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Wannan ba na Diffa ba ne."

Ya sake sunsuna ƙoƙon.

"Na sama ne. Yashi ya fi yawa a cikinsa. Amma kwanansa uku." Ya sake kurɓa. "Wa ya yi wannan wayon?"

"Grema," in ji Zainaba.

"Shekara goma sha biyar ina cewa tattasai ne a cikin kan mijinki." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa don a ji a zaure. "Ki ce masa na janye rabi."

Daga zaure muka ji Grema ya ce, "Na gode, Baba."

Ya shanye ƙoƙon, ya ce a ƙara. Na biyun ya sha rabi, ya jiƙa yatsu da sauran ya shafa a goshi. Ya tambayi bana nawa faɗin ruwan, ko ya taɓa gindin tsamiyar da ke mashigi. Na gaya masa abin da na gani. Ya ce to, bana za a yi tattasai.

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, Zainaba na gefensa. An kai shi kafin azahar.

Ranar Lahadi da safe Grema ya sauka mashigin Diffa ya ciko bido biyu, ya juye a randar zaure don masu zuwa gaisuwa. Da mutane suka ɗan ragu ya ɗebo, ya kurɓa, ya riƙe a baki, sannan ya miƙo mini. Na sha.

"Malam, ka ji wani bambanci?"

Na ce ban ji ba.

"Ni ma," in ji shi.

Ya ƙara ɗebowa ya sha a hankali, ya kife ƙoƙon a kan murfin randar.