Gashin Cikin Mage

Ranar da Hure ta ɗaga magenta ta ga cikin fes ba gashi, kamar an bi da reza, gabanta ya faɗi. Nan take zuciyarta ta tafi kan Nuriyya, matar ɗanta Bashir.

Nuriyya 'yar cikin Gaya ce, ba 'yar ƙauyensu Kademi ba, kuma a wurin Hure wannan kaɗai rabin laifi ne. Ga shi kwanan nan ta tsiri kiran magen ɗakinta tana turo ƙofa. To me mutum zai yi da gashin mage in ba kai wa boka ba? Raba ta da ɗanta ake son yi, ba wata tantama.

Hure ta so ta yi shiru, amma ba ta iya riƙe magana. Ta gaya wa maƙwabciyarta Lami, ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Lami kuwa mutum ɗaya tak ta gaya wa, a tsakiyar gidan suna.

Gashin ya ci gaba da zubewa har cinyoyi. Nuriyya ta rage fara'a, gaisuwarta ma ta gajarce. Hure ta ce a ranta, marar gaskiya ce, shi ya sa.

Wata rana da hantsi Hure ta ji kukan magen a ɗakin Nuriyya, ta cire takalmi ta lallaɓa bakin taga. Nuriyya na zaune da magen a cinya, tana taje ta da ƙaramin mataji, tana tsintar wasu baƙaƙen ƙwari tana jefawa a ruwan sabulu. Tana sakinta, magen ta lanƙwashe ta hau lasar cikinta, tana fizgar gashin da haƙoranta.

"Inna, ki shigo mana, rana ta yi zafi a nan," in ji Nuriyya, ko kai ba ta ɗago ba.

Hure ta shiga, kunya kamar ta nutse.

"Ƙuma ce ta dame ta, ƙaiƙayi ke sa ta cinye gashin. Na tura wa mai maganin dabbobi hotonta, ya aiko da wannan." Nuriyya ta miƙa mata 'yar kwalba. "A ƙeya ake ɗiga mata, inda harshenta ba ya kai. Tsumman da take kwana a kai kuma a ƙone shi."

"To ai... ke za ki riƙa sa mata," Hure ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin ta ga akwati a ɗaure bayan ƙofa.

"Maganar ta kai Gaya, Inna. Baba ya ce in zo gida. Da azahar yayana zai iso."