Gangaren Yatsa Biyu

Shekara talatin Kawu Daidai yana shimfiɗa tayil, ba a taɓa samun teburin da ya yi rawa a kan daɓensa ba. Nan sunan ya samo asali. Ko ziyara ya je, sai ka ga yana satar kallon daɓen mutane yana girgiza kai. Ma'auninsa kuwa, sandar nan mai ɗan kumfa a cikin gilashi, kullum yana hammatarsa.

Mijin ƙanwarsa mahauci ne. Da ya kama wani ɗan shago a bakin titi, 'yar mahaucin ce ta zana yadda cikin zai kasance. Ba ta daɗe da gama karatun zanen gini ba, wannan ne aikinta na farko, amma tuni gida kowa Injiniya yake ce mata. Shagon taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, duk da haka ta sama wa komai gurbi: kanta mai gilashi a gaba, ƙugiyoyi a inda rana ba ta kaiwa, gungumen sara kusa da famfo, firji a lungu yadda ƙofarsa ba za ta bugi bayan mai aiki ba.

Kawu ya zauna da takardar, sai ya ga ta rubuta daɓen ya sauka yatsa biyu daga ƙofa zuwa rariyar da ke gindin famfo. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Daɓe a karkace? Lallai hannun yarinyar ne ya zame. Tausayinta ya kama shi. In ya yi magana, ubanta mai bakin tsiya ba zai bar ta ta sha ruwa ba. Don haka ya ja bakinsa, ranar da ta tafi wajen mai walda duba ƙugiyoyi, ya shimfiɗa daɓe sumul, kumfa na zaune a tsakiya ko'ina ya ɗora ma'auni.

Saura kwana biyar a buɗe shago, mahauci ya kwara bokitin ruwa don ya wanke ƙurar siminti. Ruwa ya bazu, ya tsaya. Su uku suka tsaya suna kallonsa, shi ma yana kallonsu, har suna ganin fuskokinsu a ciki.

"Injiniya," in ji mahauci, "nama na ce zan sayar, ba kifi ba."

"Baba, wallahi na sa gangare."

"To ina yake? Ko a makarantar kika baro shi? Sau uku nake wanke ƙasa a wuni. Haka zan riƙa bin ruwan jini da tsintsiya ina roƙonsa ya fita?"

Ta tsuguna ta shafa tayil ɗin, ta buɗe takardarta. Ba ta kalli kawunta ba. Wannan rashin kallon ne ya fi damunsa, domin ya gane ta riga ta sani, ta zaɓi ta haɗiye.

Kawu ya yi gyaran murya. "Kai, sarkin surutu, ƙyale mini 'ya. Ni na cinye gangaren."

"Ka cinye shi, Yaya? Da me ka haɗa?"

"Na ɗauka kuskure ta yi, na gyara mata."

Mahauci ya yi dariya har sai da ya dafa gungume. "Shekara ashirin da biyar ina jiran ranar da za ka yi aikin banza. Ashe sai ka yi shi daidai tukuna!"

"Kawu," in ji Injiniya a hankali, "ai da ka tambaye ni."

"Da na tambaya, 'yar nan. Miƙo mini guduma."

Kwana uku ya yi yana ɓamɓarewa yana sake shimfiɗawa. Ita ta ja masa zare daga ƙofa zuwa rariya, shi kuma yana bi yana gunaguni, duk tayil ɗin da ya kwantar sai ya ce, "Allah Ya yafe mini." Amma hannu ba ya manta gwaninta. Ya raba yatsa biyun nan a taku shida yadda ido ba ya gani, ƙafa ba ta ji.

Da siminti ya kama, Kawu ya karɓe bokitin daga hannun mahauci ya kwara da kansa. Ruwan ya ɗan yi jim, sannan ya tattara kansa ya nufi lungu, ya sulale cikin rariya har da ɗan kuka.

Injiniya ta yi tsalle ta rungume takardarta.

"Yaya, ina ma'aunin naka?" in ji mahauci. "Ɗora mana mu gani."

Kawu ya nuna waje da haɓa, inda ya jingine shi a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon titi.

"Bar shi can," ya ce. "Tsoho ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."