Mai Hoton da Ke Jiran Ƙara

"To mu yi ta ta ƙare, Baba," in ji Edita, yana juya makullin mota a yatsa. "Kujera ɗaya sojojin sama suka ba mujallar nan a jirginsu, kuma sunana ne a takardar. Na bar maka. Amma in ka sauko babu hoton bangon mujalla, ka haƙura da fita fili, ka koma ɗakin ajiya kana jera mana tsofaffin hotuna."

"In kuma na kawo fa, ranka ya daɗe?"

"Sai ka ci gaba da gasa ƙeyarka a rana har ka gaji don kanka."

Suka tafa a kan haka.

Shekara talatin da ɗaya tsohon nan yana ɗaukar wa mujallar hotunan jiragen yaƙi, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Wurinsa bayan shingen filin jirgi ne, a kan wani ɗan tsani mai taki uku. Edita ya daɗe yana neman hanyar zaunar da shi tun da gwiwa ta fara ba shi matsala, kunya ce ta hana. Shi kuwa ya san ɗakin ajiyar sarai: ba taga, ba sama, sai kwalaye da fanka mai kuka.

A ofis Kunne suke ce masa, kuma da dalili. Jirgin yaƙi ya fi ido sauri, wanda ya bi shi da kallo wutsiya kawai zai ɗauka. Shi sai ya saita kyamara inda jirgin zai ratsa, ya saurara. Akwai inda ƙarar take kaiwa ta sauka a ƙirjinsa, to a daidai nan yatsa ke dannawa, ba ya ma neman izininsa.

Matarsa ta goge masa riga tana dariya. "Kai da ko tsanin naka sai ka yi addu'a kafin ka hau? Ka dai ci abinci kaɗan, maigida, kar ka kunyata mu a sama."

Da hantsi aka ɗaure shi a kujerar baya ta jirgin koyo. Aka kifa masa hular kwano mai matse kunnuwa, duniya ta yi shiru sai numfashinsa da muryar matuƙi. Tsarin mai sauƙi ne: sabon jirgin da mujallar ke son hotonsa zai zo ta dama, ya jera da su na ɗan lokaci, sau ɗaya tak.

"Baba, ga leda nan in ciki ya juya," in ji matuƙin. "Wancan mariƙin mai ratsin rawaya kuwa shi ke cilla kujera waje, kar ka taɓa, in ba so kake ka riga ni isa gida ba."

Ƙasa ta sake su. Ya leƙa ya hango shingensa ya koma kamar zare, da ɗan wurin da ƙafafun tsaninsa suka kashe ciyawa. Ashe rayuwar mutum kaf tana iya shiga ƙarƙashin farce ɗaya. Suka huda wani hazo suka fito inda bai san da shi ba. Gajimare ne a shimfiɗe, unguwa-unguwa, da lunguna da benaye, kamar gari da aka gama ginawa ba a tare ba. Inuwar jirginsu tana yawo a kan rufin gidajen, ƙarama, tana leƙa kowane tsakar gida. Ya ji kamar in ya miƙa ƙafa zai taka, kamar akwai wanda ya sani a can yana jiransa a bakin wata ƙofa.

Sai ga jirgin.

Bai zo kamar yadda jirage ke zuwa ba. Tasowa ya yi daga cikin farin nan a hankali, kamar kifi a ruwa mai sanyi, ya tsaya kusa da su yana lilo. Rana ta kwanta a fukafukinsa. Tsoho ya ɗaga kyamara, jirgin ya cika ta daga hanci zuwa wutsiya. Tun da yake bai taɓa ganin hoto mai kyan wannan ba. Yatsansa na kan maɓalli, ƙirjinsa na sauraro.

"Baba, ga shi nan fa."

"Na gan shi, ɗana."

"To bismilla, Baba."

Yana jira. Yanzu ƙarar za ta zo, ta taso daga nesa ta sauka inda ta saba. Jirgin ya karkata, ya nuna cikinsa, ya nutse a gajimaren, farin ya rufe bayansa.

"Ka samu?"

Tsoho ya sauke kyamarar. "Ai bai yi magana ba," ya ce.

Matuƙin ya yi dariya har jirgin ya ɗan girgiza.

Hotuna uku Edita ya tarar a kyamarar: gajimare, gajimare, da gwiwar mai ita. Tsohon bai roƙa ba. Washegari da kansa ya ɗauki kofin shayinsa ya sauka ɗakin ajiya.

Masu cewa Edita ne ya ci, da gaskiyarsu, ya samu abin da yake so ba tare da ya kori kowa ba. Sai dai kujerarsa ta tafi, kuma bangon watan nan hoton da sojoji suka raba wa kowa ya sa, iri ɗaya da na sauran mujallu. Tsoho ya rasa filinsa, wannan ba wasa ba ne, ya yi masa ciwo. Amma hoton da ya gani yana ransa shi kaɗai, ba a buga ba balle ya koɗe. Matarsa ce dai ta ci riba ba gardama: mijinta yana dawowa da wuri yanzu, ko da yake in ta yi masa magana sai ta faɗa sau biyu, don hankalinsa na can cikin gajimare.