Kumbon Janwe na Attahiru

"Riƙe min nan, hannuna ba ya bin umarnina," in ji Attahiru.

Hamza tela ya gyara zama a bakin tabarma, ya danne gwangwanin madarar da yatsu. Tun da ciwon hanta ya kwantar da maƙwabcin nasa, kullum bayan la'asar yakan rufe shago ya shigo zaurensa. Ƙananan kumbunan sama jannati ne rataye da rufin, waɗanda Attahiru ya ƙera da gwangwani da waya, kuma babu mai bindiga a cikinsu. Duk na ceto ne: in kumbon 'yan sama jannati ya lalace a sarari, su je su jawo shi gida.

A da Attahiru ne mai motar janwe a Sabon Birni. Wata ranar kasuwa motar da ta ɗauko ɗiyarsa Zainab daga Isa ta lalace a daji dab da magariba. Direba ya kira shi. Mutanen unguwa, har da Hamza, suka tare ƙofa, suka ce 'yan bindiga na kan hanya, ya bari gari ya waye. Da safe mota kawai ya jawo, ba kowa a ciki. Bai sake hawa janwe ba. Wasu suka ce kansa ya taɓu. Hamza bai taɓa faɗin haka ba.

Wannan kumbon na ƙarshe ya fi ba Attahiru wuya. Ya yi masa ƙofa mai faɗi saboda masu rauni, da tankin ruwa, da fitila a goshi. Amma ya ce can sama babu ƙasar da taya zai kama, in ka ja da igiya ka tsaya, na baya zai zo ya buge ka.

Hamza ya ce, "To kar a ja shi. A goya shi, kamar jinjiri."

Attahiru ya daɗe yana dubansa. Dariya ta zo masa, tari ya katse ta.

"Ɗinko min majanyi, ɗan ƙarami. Gobe za ni ɗaura mai."

Hamza ya ɗinka shi da ƙyallen atamfa, har da kalmasa. Washegari da hantsi ya nufo gidan, sai ya tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Fatsuma, matar Attahiru, ta yi magana daga bayan labule, ta ce ya cika bayan asuba, bai sha wuya ba.

Da Hamza aka ɗauki makara. Da aka dawo daga maƙabarta bai iya zama cikin masu gaisuwa ba, ya zagaya bayan gida inda janwen ke tsaye, tayoyinta sun nutse cikin yashi. Kaza ta yi kwanci a kujerar direba. Ta ɗago kai ta dube shi, ba ta tashi ba.