Burodin da Ikiring Za Ta Iya Ci

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'yan mata girki da tsaftar gida a wata firamare kusa da garin Serere, kuma duk tsawon shekarun nan zane ɗaya ne a bangon ajina: kofin shayi, ƙwai guda, yanka biyu na burodi, a ƙasa an rubuta cewa wannan shi ne karin kumallon gidan da ya waye. Ni na zana shi da hannuna. Yarinyar da na kama da amukeke, busasshen dankalin nan, a aljihun rigar makaranta, sharar aji na mako guda ta hau kanta. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka ni ce mai wayon labarin.

Jikata Ikiring tana da shekara goma ta fara ramewa. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka tsotse, gudawa ta ƙi tsayawa. Ubanta, ɗana Omoding, direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba, saboda haka jinyar ta faɗo kaina da kan matarsa Amuge. Aka ba ta maganin tsutsa har sau uku. Aka gwada jininta, har gwajin ciwon nan da mutane ba sa son kiran sunansa, ba a ga komai ba. Maƙwabta suka ce hannun mutum ne. Na ce in haka ne wannan mutumin yana da tsari, domin ciwon ya san ranakun mako.

Abin da na lura da shi ke nan. Ranar Asabar matan zumunta na cocinmu suke zuwa dubiya. Ba a shiga gidan marar lafiya ba komai a hannu, kuma ba a kai masa dankali, tunda kowane gida akwai tulinsa a bayan ɗaki. Burodi ake saya a shago, mai laushi, a leda. Marar lafiyar kuma sai ya ci ko yanka ɗaya a gaban waɗanda suka kawo, su ga ya haɗiye, sannan hankalinsu ya kwanta su yi addu'a su tafi. Gwargwadon tsananin ciwo, gwargwadon yawan burodi. Ikiring ta kai ga samun burodi shida a rana ɗaya. Lahadi da Litinin ba ta iya tashi. Zuwa Alhamis, in burodin ya ƙare mun koma tuwon gero da rogo, sai ka ji muryarta a tsakar gida tana tsokanar kaji. Asabar kuma a dawo.

Na kai ta asibiti a garin Mbale. Wata likita, yarinya da ba ta fi sa'ar autata ba, ta saurare ni har na gama, ta yi gwaje-gwajenta, muka koma bayan mako uku. Ta ce hanjin yarinyar ba ya karɓar alkama. Ba burodi, ba capati, wainar fulawar nan, ba biskit, ko ɓurɓushi, har ƙarshen rayuwarta. In an ci gaba da ba ta, ba za ta girma ba, ƙila ma ba ta kai ga girman ba.

Da na faɗa wa Amuge sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Toto take kirana, wato uwa a yarenmu.

"Toto, burodi fa? Abin da ake ba mai jego? Wace irin likita ce wannan, ko dai 'yar koyo kuka samu?"

"'Yar koyon ta faɗi abin da na riga na gani da idona."

"To in matan zumunta sun zo mu ce musu me? Ku koma da kayanku, guba ce?"

Ikiring ma ba ta taimake ni ba. Na kai mata shayi da dafaffen dankali, ta juya fuska bango.

"Kaka, ni ba akuya ba ce. Kowa in ba shi da lafiya burodi ake ba shi. Ni kaɗai ce ba a so."

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Rana ta uku na tarar da ɓurɓushi a kan tabarmarta, Amuge kuwa ta kasa haɗa ido da ni. Ban yi mata faɗa ba. Uwa ce ta ga 'yarta da yunwa, ga abin da 'yar take so a cikin kwando. A ranar na gane magana ba za ta raba yarinyar nan da burodi ba. Sai dai wani burodin.

Na ɗauko tsohuwar tukunyar da nake gashi da ita a makaranta, na wanke ta da toka har hannuna ya yi ja, na zuba yashi a gindinta. Na sayi sabuwar rariya, don tsohuwar ta sha fulawa. Gashin farko, dankali da garin rogo da yis, ya fito kamar dutsen niƙa. Amuge ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a bakin turmi.

"Toto, a ajiye wannan, in ɓarawo ya shigo mun samu abin jifa."

Na biyu ya tashi, amma ina taɓa shi ya wargaje kamar ƙasar gara. Na zauna a kan kujera ina kallonsa. Na tuna bayanin likitar, cewa abin da yake cutar da Ikiring a cikin alkama shi ne dai abin da yake sa kwaɓi ya yi danƙo ya riƙe iska. Na cire mai cutarwar, na cire mai riƙewar. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da murza kwaɓi ban taɓa tambayar me nake murzawa ba.

Amsar kuwa tana gabana kullum. Ranar Alhamis ina kallon Amuge tana tuƙa tuwo, na ga yadda garin rogo yake kama muciya da zarar ya ji ruwan zafi, yana jawuwa kamar ƙaro. Na ce ta ɗebar mini kaɗan kafin ta zuba gero. Dankalin kuma na daina dafa shi cikin ruwa, na turara shi a ganyen ayaba don kada ya sha ruwa, irin mai jan cikin nan da aka raba wa manoma, wanda mazanmu suka ce na yara ne. Na murje shi da ɗuminsa, na haɗa da tuƙaƙƙen rogon, da garin shinkafa da na daka, ƙwai biyu, mai, gishiri, da yis da na jiƙa ya yi kumfa. Kwaɓin ba ya murzuwa, manne wa hannu yake. Na jiƙa tafina na mulmula shi ƙanana, na jera su a faranti kafaɗa da kafaɗa don su tallafi juna, na rufe da zane na bar su a rana. Da suka kumbura na sa farantin a kan yashin, na rufe tukunya, na ɗora garwashi a murfi fiye da na ƙasa.

Suka fito da launin hantsi, samansu ya yi ƙasa-ƙasa. Na ɓara ɗaya, tururi ya tashi, cikin ya jawu bai karye ba. Ikiring ta ci biyu ba ta tambayi komai ba, ni ma ban faɗa mata da me aka yi shi ba. Washegari cikinta shiru.

Asabar na sake gasawa tun da safe. Matan suka iso su bakwai, kowacce da ledarta, a gabansu shugabarsu Imalingat, wadda na koyar tun tana yawo ba takalmi, yanzu ta zama ƙatuwar mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Amuge ta durƙusa ta karɓi ledojin ta kai ɗaki. Ni kuma na fito da shayi da faranti.

"A'a, Malama, yau mu ake yi wa dubiya?" in ji Imalingat. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu tana magana, ta miƙa hannu ga na uku. "Wannan ba na shagon Serere ba ne. Omoding ne ya aiko daga Kampala? Ku ji laushi, ku ga launi, madara ce zalla. Ikiring, 'yata, ci mu gani."

Ikiring ta ci a gabansu, ta haɗiye, suka yi guɗa. Amuge ta dube ni, idonta yana roƙona in bar maganar a haka. Ni ma na so. An ci, an yi murna, ba wanda aka kunyata. Amma na dubi ƙofar ɗakin da ledoji bakwai suke ciki. In na yi shiru, matan nan za su tafi da labarin cewa yarinyar ta ci burodi ta samu sauƙi. Gobe a bakin coci wata za ta miƙa mata yanka, jibi a gidan biki wata ta ba ta capati, duk da zuciya ɗaya, ni kuma ba kullum nake raye ba.

"Dankali ne," na ce. "Na gonar bayan ɗakin nan. Da rogo."

Imalingat ta tsaya da tauna. Ikiring ta ajiye ragowar da ke hannunta, ta sunkuyar da kai.

Na faɗa musu duk abin da likita ta ce, da lissafin ranakun mako. Ban sassauta ba. Na ce burodin da suke kawowa shi yake kwantar da ita. Wata ta fara tattara zanenta za ta tashi.

"Wato mu ne muka sa mata ciwon," in ji Imalingat, muryarta ta yi ƙasa, abin da ban taɓa ji ba. "Malama, wa ya koya mana? Wa ya sa ni sharar aji mako guda saboda amukeken da uwata ta ƙulla mini don ba mu da komai a gida? Har yau ina ganin zanen nan."

"Ni ce," na ce. "Haka aka koya mini, na koya muku ban bincika ba. Burodi bai yi miki komai ba, ga shi nan kin cika kujera. Ita ce ba ya yi wa. Sharar kuwa ban kyauta ba, Imalingat."

Imalingat ta dubi rabin da ke hannunta, ta juya shi, ta jefa a baki.

"Shekara arba'in," ta ce da cikakken baki, "sai yau Malama ta ci gyara. Ikiring, ɗauki abinki ki ci, kafin in gama da farantin. Uku na ci, kin ga na fito da ƙaho?"

Yarinyar ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta ɗauka. Da za su tafi Amuge ta fito da ledojin, kowacce ta ɗauki tata. Biyu daga cikinsu sun yi wata guda ba sa gaishe ni.

Asabar ta gaba Imalingat ta zo ita kaɗai, da ledar burodi a hannu, har da sunan shagon a jiki. Ta zauna, ta dubi hanya ko wani yana kallo, ta kwance. Dankali ne guda biyar, masu jan ciki, ta wanke su tas.

"Kada ki dube ni haka, Malama. So kike in ratsa kasuwa da dankali a fili, a ce zuwa dubiya zan yi? Ina tukunyar? Nuna mini inda rogon yake shiga."

Ikiring ba ta nan ta ga wannan. Ta tafi rijiya da sa'o'inta, karo na farko cikin wata bakwai, kuma sai da na yi mata tsawa kafin ta yarda ta ɗauki ƙaramar jarka.