Waƙar Girbin Leberecht

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

A wani ƙauye na Turingiya a ƙasar Jamus, zamanin keken doki, an yi wata tsohuwa, Henrike. Mijinta Leberecht malamin makaranta ne, shi ya tsara waƙar da ake rerawa a coci ranar bikin girbi, mai cewa mutum ya dubi yadda ruwan sama ke raya matacciyar ƙasa. Ita kuwa Henrike ke gasa burodin sabuwar alkama, kuma a al'ada, ban da fasto, ba mai shiga coci ranar sai burodin ya riga shi.

Da Leberecht ya rasu, ta kai wa coci littattafansa kyauta. A ciki matashin fasto, Wendt, ya tsinci fassarar Alƙur'ani da Jamusanci, ta sha hannu har ta yi laushi. Ya karanta, ya gane inda waƙar ta sha ruwa.

Ya je ya tarar da Henrike tana kwaɓa gari.

"Iya Henrike, bana ba za a yi waƙar nan a coci ba. Sai dai in za ki shaida wa jama'a daga Zabura marigayi ya samo ta."

"Fasto, bara wa na gani yana share hawaye ana rera ta?"

"Bara ban sani ba."

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Har mai gyaran takalmi sai da ya gaji da labarin littafin nan a bakin Leberecht. Yanzu da ƙasa ta rufe masa baki zan yi masa ƙarya? Da waƙar nan ake girbi tun kana goye."

Ya fita, ta huce a kan ƙullun.

Ranar biki ta ɗauko burodi, manoma na biye. Tana isa bakin ƙofar coci ta ja ta tsaya, dole kowa ya tsaya. Ta ɗaga murya ta soma waƙar, manoma suka amshe. Fasto na ciki, shi da kujeru. Sai da baitin ƙarshe ya sauka ta taka ciki, ko kallonsa ba ta yi ba.

Waƙar ba ta ƙara shiga cocin ba, a bakin ƙofa ake yin ta. Wendt ya koma birni da littafin, bai mayar ba. Henrike ta ci gaba da gasa burodi har ta rasu, ba ta huce ba.