Mawaƙiya ta Bakwai

Ina tsaye a layin karɓar rigar bikin kammala karatu wayata ta yi ƙara. Da na ga mai kiran sai na yi murmushi, a zatona barka za ta yi min. Ban ajiye lambar da sunanta ba. “Ta Bakwai” na rubuta, kamar yadda na kira ta a kundina.

“Ƙanwata, wa kika ba lambata?” Ko gaisuwa babu.

Na ce, “Ni? Ba wanda na ba, Yaya.”

“Yanzu wani ya kira ni. Ya ambaci sunana da na babana, ya ce yana haɗa bidiyo a intanet kan finafinai, wai yana son hira da mai muryar da ke bayan waƙoƙi. Na ce ya yi kuskuren lamba. Ya yi dariya, ya ce a littafin jami’a ya gani, har da sa hannuna.”

Na fita daga layin ba tare da na san na fita ba.

Shekara biyu na yi ina rubuta kundin digirina na biyu a kan matan da ke rera waƙoƙin finafinai. Mai kallo yana ganin jaruma tana motsa baki, amma muryar ta wata ce da ba a nuna wa kowa. Na yi hira da su tara. Kowacce na yi mata alkawarin ba za a ga sunanta ba, shi ya sa na jera su da lamba, daga ta ɗaya har ta tara. Ina ji da kaina a kan wannan. Har shekarunsu na sauya, na mai da mai ’ya’ya uku mai biyu, na kai mai ɗinki sana’ar kitso.

Ta Bakwai ce ta fi ba ni wuya. Sau huɗu ina zuwa gidanta kafin ta yarda, shi ma sai da na kawo yadi na ce ɗinki na kawo, saboda maƙwabta. Tela ce, keken ɗinkinta na cikin falo. Kafin aurensu mijinta ya kafa mata sharaɗi ɗaya, cewa ta bar waƙa, ta kuma rantse masa ta bari. Ya ce mata duk ranar da ya ji ta koma, to ta haɗa kayanta, yaran kuma ba inda za su. Shekara biyu ta daure. Daga nan ta koma, ranar Alhamis kaɗai, da sunan zuwa sayen zare da biyawa gidan yayarta. Mai situdiyo yakan siranta muryar da na’ura yadda ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ba. Shekara takwas ke nan a haka. Duk wannan ta faɗa min ne bakin keken, ƙafarta a kan feda, ta kuma ce, “Ke ce mutum ta uku da ta sani a duniya. Ki riƙe min amana.”

Ina tafiya laburare ina lalubo inda na yi ɓarnar, kuma ban yi nisa ba na tuna. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami’a ya ɗaga tabarau ya ce, “Mata tara, babu suna ko ɗaya. Wa ya ce ba a ɗakinki kika zauna kika ƙirƙire su ba?” Maganar ta ƙona min rai. Farfesa, wadda ta duba aikina tun daga farko, ta ce in haɗa masa takardun amincewar da matan suka sa wa hannu a rataye a ƙarshen kundin, a kwafinsa shi kaɗai, ya gani ya gamsu. Na yi hakan da zafin zuciya, har ina jin daɗin zan toshe masa baki. Sai ya zama fayil biyu a filashina, ɗaya mai ratayen, ɗaya babu. Ranar da laburare suka nemi kwafin da za su ɗora a shafin jami’a, ina sauri, mai ɗaurin littafi yana jirana. Na miƙa wanda ya fi sabon kwanan wata. Kwana goma sha ɗaya ke nan.

Ofishin da ke ɗora kundaye yana hawa na biyu, ɗaki ne siriri mai warin tsohuwar takarda. Ma’aikacin wurin dattijo ne mai sanyin jiki, irin waɗanda ko gobara ta tashi sai sun rufe biro. Na ce ya buɗo min kundina. Ya buɗo. Na ce ya gangara ƙarshe.

Ga su nan, shafi tara. Suna, sunan uba, unguwa, lambar waya, sa hannu. Na Ta Bakwai har da ɗan kuskuren da ta soke ta gyara. Na dafa teburinsa.

“Baba, don Allah a cire shi yanzu.”

“To, ’yata, ai ba haka ake cirewa ba. Sai an kawo takarda daga shugaban sashenku.”

“Baba, auren wata ne a ciki.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga ba wasa nake ba, amma ya girgiza kai. “Ni ma aikina ne a ciki. Kawo takarda, minti ɗaya ba zan ƙara ba.”

A gefen allon akwai wata ’yar lamba. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce adadin waɗanda suka sauke kundin ne. Talatin da ɗaya. Da jiya na ga lambar nan da na yi rawa, don mu kundayenmu in mutum biyar sun buɗe an yi kasuwa. Yau kowane ɗaya a cikinta mutum ne da ban sani ba, riƙe da lambar wayar matar da ta amince da ni.

Shugaban sashe yana taro. Sakatariyarsa ta ce in dawo bayan azahar. Na kira Farfesa, wayarta a kashe, ashe tana cikin jirgi. Na zauna a bencin baranda, na tashi, na sake zama. Na buɗe shafin a wayata: talatin da uku. Da na ga talatin da huɗu sai na tura ƙofar ɗakin taron na shiga, malamai goma sha wani abu suka juyo suna kallona. Ni da ko gaisuwa nake musu sai na rusuna, na tsaya a tsakiyarsu na ce, “Ranka ya daɗe, sa hannunka nake so, ko a kore ni daga baya.” Shugaban ya karanta takardar neman cirewar da na rubuta a tsaye, fuskarsa ta sauya, ya sa hannu.

Dattijon ya cika alkawari. Ya danna, shafin ya ɓace. Lambar ƙarshe da na gani talatin da takwas ce.

“Na cire daga wurinmu,” in ji shi. “Amma wanda ya riga ya sauke, ya sauke. Magana zarar bunu ce, ’yata.”

Na sa Ta Bakwai ta turo min lambar mai bidiyon. Na kira shi daga ƙarƙashin matakala, inda ba mai jina. Murya ce ta mutum mai fara’a, har da “Malama, girman kujerarki.” Ya ce bai taɓa karanta aiki mai daɗin nawa ba. Na ce masa takardun nan kuskure ne, na roƙe shi da girman Allah ya goge su.

“Haba Malama. Ai ke da kanki kika rubuta a babi na biyar cewa an binne matan nan da ransu, ana cin moriyar muryarsu ana ɓoye sunansu. Kika ce lokaci ya yi da duniya za ta san su. To ni abin da zan yi ke nan.”

Ni na rubuta. Na ma tuna ranar, da yadda na karanta wa ƙawata jimlar ina jin kaina wata tsiya.

“Ba ta yarda ba,” na ce. “Tana da miji, tana da yara.”

“Za ta gode min daga baya. Na riga na haɗa, yau da yamma zan saka. Amma tunda kin roƙa, zan duba.”

Na san irin wannan “zan duba”. Na kira sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya a cikin motar haya. Biyu suka ce ba komai, danginsu sun sani. Ɗaya ta zage ni tas, kuma ta yi daidai. Uku ba su ɗauka ba. Sauran biyun suna gama jin bayanina suka kashe. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ga shi zai sauka a kan wasu. Ni iyakata kunya da wasiƙar jan kunne.

Ƙarfe ɗaya da rabi na isa gidanta. Yaran suna makaranta. Na same ta bakin keken, riga a ƙarƙashin allura, amma ba ɗinki take ba. Wayarta na kan tebur a kife, tana ta girgiza tana tsayawa.

“Mutum huɗu ke nan,” ta ce. “Ɗaya mace ce, wai tana son in yi waƙa a bikin ƙanwarta.”

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, da malamin da ya zarge ni, da fayil biyun, da talatin da takwas, da abin da zai faru da yamma. Ban rage ko ɗaya ba. Ina jira ta mare ni, kuma da ta mara da na ji sauƙi. Sai ta ciro rigar daga keken, ta yanke zaren da haƙori, ta ninke ta.

“Yaya, zan je wurin mai bidiyon da kaina. Zan kai shi ƙara. Ko in ce wa maigidan ƙarya na yi, ni na ƙirƙiri takardar.”

“Da sa hannun nawa? Shekara goma yana ganin sa hannuna.” Ta ɗora rigar a kan sauran. “Yaran shagonsa duk a waya suke wuni. Kafin magariba wani zai miƙa masa, yana tsakiyar mutane. Wannan ne ba zan yi masa ba.”

“To me za ki yi?”

“Ƙarfe biyu yake dawowa cin abinci.”

Na dubi agogon bango. Saura minti goma sha biyu. Na ce ko ta fara zuwa gidan yayarta, a samu manya su shiga maganar. Ta ce in ta fita da ƙafarta yau, ta ba shi amsa ke nan tun bai tambaya ba. Sau biyu tana ƙoƙarin rufe kwalbar man keke murfin yana zamewa.

“Ina jin tsoro, ƙanwata,” ta ce. “Ba zan ɓoye miki ba. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma kuma bai taɓa faɗin magana ya janye ba. Ƙaramar ’yata ko wanka ba ta yarda wani ya yi mata sai ni.”

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi kaɗan, sannan ta miƙo min ƙyallen yadi.

“Share fuskarki. Ba ke za ki yi kuka a gidan nan yau ba.”

Na share, na ɗauki jakata na miƙe, a tunanina magana ce ta miji da mata, bai kamata a gan ni ba. Gaskiyar ita ce gudu nake son yi.

“Ina za ki?”

“Na ce ko in ba ku wuri.”

“Zauna.” Ba ta ɗaga murya ba. “Sau huɗu kika zo gidan nan kina roƙona in ba ki labarina. Na ba ki rabi, kin samu digiri. Ragowar yanzu za a yi shi. Ki zauna ki gani da idonki, ba sai kin tambaye ni yaya na ji ba.”

Na koma na zauna a bakin kujera, jakar a kan cinyata. Ta shiga kicin ta fito da kwanukan abinci ta jera a kan tebur, ta kawo ruwa da kofi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Wayar ta sake girgiza, ta kashe ta gaba ɗaya. Muka zauna jiransa. Ina jin ƙarar kowane babur da ya shigo layin, ina binsa da kunne har ya wuce.

Na biyar bai wuce ba. Ya tsaya a ƙofar gida, injin ya mutu.

Ya shigo da sallama, dogon mutum mai furfura kaɗan a gemu, leda a hannunsa da lemo a ciki. Ya gan ni ya saki fuska.

“A’a, baƙuwa muka yi? Sannu da zuwa. An kawo ɗinki ne?”

Na dubi Ta Bakwai.

Ta karɓi ledar daga hannunsa ta ajiye, ta jawo masa kujera.

“Ba ɗinki ta kawo ba. Ɗaliba ce daga jami’a, ta rubuta littafi, ina ciki.” Ta tsaya a gabansa, hannayenta a haɗe. “Baban yara, zauna. Kafin ka ci abinci akwai abin da zan faɗa maka, kuma ina so daga bakina za ka ji.”

Murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya dube ni, ya dube ta, ya zauna a hankali.